Yadda Ubangiji ya sake hawar da ni kan rufi

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. An daɗe ana ce min in ba da wannan shaida ina ta ja da baya, don a wajenmu ba kasafai namiji magidanci yake fitowa yace tsoro ya taɓa kayar da shi ba, amma na ga akwai mutane da yawa da suke cikin abin da na shiga kuma sun yi shiru suna ta cin ciki, to bari in faɗa.

Ni kafinta ne, aikin rufi shi ne abincina tun ina saurayi. Asalinmu mutanen ƙasar Michika ne a jihar Adamawa amma a Mubi na koyi aiki, a nan nayi aure, a nan aka haifi yarana. Ɗan EYN ne ni, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, cocin da aka fara a Garkida ƙarƙashin tsamiya a 1923, a cikinta aka haife ni aka yi min baftisma. Kafin Boko Haram su shiga Mubi in ka tambayi masu gini a Mubi za su gaya maka ba rufin da bana hawa, ina tafiya a kan katako ɗaya da ƙusa a baki ina kuma yi wa yarana faɗa, ko a jikina. Ban san cewa akwai wani abu wai shi tsoro da zai iya hana mutum sana'arsa ba.

Ba wai bamu ga alama ba. A 2012 an kashe ɗalibai a unguwar Wuro Patuji a Mubi, a watan Yuni 2014 bam ya tashi a unguwar Kabang wajen da ake ƙwallo, kafin nan a watan Afrilu an kwashi 'yan matan Chibok wanda yawancinsu 'ya'yan cocinmu ne. Farkon Satumba Michika ta faɗi hannun Boko Haram, dangi suka cika min gida har da mamana, tsohuwa da ƙafa ke damunta, ana kwana a tsakar gida a kan buhu. Amma duk da haka muna cewa ai Mubi babban gari ne ba zai yiwu ba, ga shi kuma a tsakiyar Oktoba aka yi ta sanarwa a rediyo wai an tsagaita wuta, sai hankali ya ɗan kwanta.

Ranar Laraba 29 ga Oktoba 2014 da safe muka fara jin harbi, kafin kace me gari ya ruɗe, kowa na gudu ba wanda ya san inda zashi, wasu sun nufi duwatsu ta wajen Kamaru wasu sun shiga daji. Mamana bata iya gudu, ina tsaye a ƙofar gida ina tunanin goya ta sai maƙwabcina, Musulmi ne mai sayar da siminti, ya turo min baronsa yace maigida sa Mama a nan ku tafi, kar ka tsaya rufe ƙofa. A baron nan na tura uwata cikin gonakin mutane ta wajen Maiha, dawa ta nuna tayi kyau ba mai girbi, matata da ƙaramin a bayanta, manyan biyu riƙe da zaninta. Mun sha ruwan da ko akuya sai tayi tunani. Daga baya muka samu babbar mota ta kwashe mu zuwa Yola. A ranar ne kuma 'yan Boko Haram suka shiga hedkwatar cocinmu a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninmu ma da kyar suka sha, sai a Jos aka koma ana gudanar da aiki na wani lokaci. Mubi kuwa har suna suka canza mata.

Abin da zai baku mamaki, duk tafiyar nan ban ji tsoro ba. Ƙafa ce kawai ke aiki. Ni ne ma mai ba wasu ƙarfi, ina ta cewa ku taho Allah na nan. Tsoron sai da muka samu wuri muka zauna, muka ci muka ƙoshi, sannan ya zo.

A Jimeta wani ɗan'uwan matata ya bamu ɗaki ɗaya, mun fi wasu gata don dubban mutane suna kwance a sansani da harabar coci-coci, ana zuwa babban cocin Katolika na St. Theresa karɓar masara da shinkafa kuma ba a tambayar ka addininka. Ni da nake da sana'a a hannu ban so in zauna jiran rabo ba, na nemi aiki wajen wani ɗan kwangila ya ɗauke ni rufin wani gida. Ina sama ina ɗaura katako sai leburori a ƙasa suka sauke bandir ɗin kwano daga mota suka sake shi a ƙasa gaba ɗaya, ƙarar nan ta tashi. 'Yan'uwa ban san lokacin da na rungume katakon da hannu biyu ba. Gwiwata ta mutu, zufa ta wanke ni, ina jin ana oga lafiya, oga sauko, amma hannun ya ƙi sakin katakon, sai da wani yaro da bai kai ƙanena ba ya hau ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya sa ƙafata a tsani. Ɗan kwangilar bai yi min wulaƙanci ba, ya bani kuɗin wuni yace in je in huta. Ban koma ba.

Daga nan abin ya dinga gaba. Da takalmi nake kwana. In mashin ya wuce salansa ta buga sai in tsinci kaina a bayan ƙofa. Barci in ya zo sai mafarkin ina tura baro taya ta maƙale a yashi ana biyo mu. Abinci baya shiga, ƙirji na bugawa, naje kemis nace maleriya ce aka bani magani, na koma nace taifot ce aka sake bani. Wanda ya fi min ciwo shi ne coci. In mun je sujada sai na nemi kujerar bakin ƙofa, ana addu'a kowa ya rufe ido ni nawa a buɗe ina kallon jakar mutane da duk wanda ya sa babbar riga, 'yan Boys Brigade suna bincike a get amma ni ban yarda da binciken ba. Ni da nake rera waƙa a ƙungiyar Sabon Rai ta coci tun ina yaro, bana jin ko kalma ɗaya ta wa'azi. A ƙarshe na daina zuwa, in matata ta shirya yara sai in bi su da ido ina lissafin ko zasu dawo.

Akwai masu zuwa gaishe ni da kyakkyawar niyya suna ƙara min ciwo. Wani yace ɗan'uwa wannan rashin bangaskiya ne, Kirista baya tsoro. Wani yace ka bincika kanka ko akwai zunubin da baka furta ba. Wata tace aljani ne a kai ni wajen addu'ar dare a fitar. Har yau ina ganin irin wannan magana ta kori mutane da yawa daga coci fiye da yadda bindiga ta kora, don mutum yana fama da tsoro ka sake ɗora masa cewa Allah ma yana fushi da shi, ina zai sa kansa? Nayi azumi nayi kuka nace Ubangiji ka cire min wannan abu, in tashi da safe in ga yana nan inda na barshi.

An ƙwato Mubi tun a Nuwamba 2014, sojoji da maharba da 'yan banga, Michika kuma a farkon 2015, bayan zaɓe mutane suka fara komawa da kaɗan kaɗan. Mamana ta fara min magana, tace ɗana ni ba zan mutu a ɗakin mutane ba, ka kai ni gida ko kango ne. Matata kuma bata taɓa ce min matsoraci ba, Allah ya saka mata, ita ce ke soya ƙosai a bakin titi muna ci, amma wata rana da dare tace Baban yara, mai ɗakin nan fa ya yi iya ƙoƙarinsa. Na gane maganar. Nace mata ba inda zani.

Wanda Allah yayi amfani da shi wani tsohon mai bishara ne daga wajen ƙauyenmu da ya riga yayi ritaya, shi ma gudun ya kawo shi Yola, an kashe ɗansa na fari a gona. Ya zo ya zauna a kan benci ya ƙi shan shayin da aka kawo masa sai da na fito. Bai yi min wa'azi ba. Yace ɗana har yau in naji an buga ƙofa da ƙarfi cikina yana juyawa, kai ma haka? Nace Baba nawa ya fi haka. Na kwashe komai na faɗa masa har da zancen yaron da ya ɓamɓare min yatsu, wanda ko matata ban gaya wa ba. Da na gama sai yace in ɗauko Littafi in buɗe Nehemiya sura 2 in karanta da kaina da ƙarfi.

Na san labarin Nehemiya tun Sande Sukul, mai ba sarki abin sha, wanda ya koma Urushalima ya gina garu cikin kwana 52. Amma ban taɓa lura da cewa shi da bakinsa yace ya ji tsoro ƙwarai lokacin da sarki ya tambaye shi me ya sa fuskarsa ta ɓaci ba. Ya ji tsoro, yayi 'yar gajeriyar addu'a a tsaye a wurin, kuma ya buɗe baki ya roƙi a barshi ya koma garin da kaburburan kakanninsa suke. Baba yace ka ga wani wuri da aka ce tsoron ya tafi kafin yayi magana? Na duba nace babu. Yace to juya sura 6 aya 9. A nan maƙiya suna ta aiko da barazana don hannun masu aiki ya yi sanyi su bar ginin, Nehemiya kuma abin da ya roƙa shi ne Allah ya ƙarfafa hannuwansa. Baba ya kama hannuna na dama, duk kanta, yace kai kana ta roƙo a cire maka tsoro, wannan mutumin hannu ya roƙa. Kai ba kafinta ba ne?

Shi ne kuma ya matsa min naje wani taron bita da coci ta shirya na warkar da raunin zuciya. Da farko na ƙi, nace wannan na mata ne da waɗanda suka taɓu. Da naje sai na tarar da dattawa, da malaman makaranta, har da wani tsohon soja. Aka bayyana mana cewa in mutum ya tsallake mutuwa jikinsa yakan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce, shi ya sa ƙara kaɗan ke tayar da bugun zuciya da zufa da rawar jiki, ba hauka ba ne ba kuma aljani ba. Aka koya mana jan numfashi a hankali, da faɗin abin da ya faru maimakon binne shi, aka ce wanda barci ya gagara gaba ɗaya ya ga likita kar yaji kunya. Na gani, an bani magani na ɗan lokaci, kuma bana jin ya rage wa addu'ata komai.

Muka koma. Ba zan ce muku na koma da ƙarfin hali ba, tun daga Gombi har Hong har Mararaba bakina a bushe yake, duk shingen sojoji in an ce a sauko sai in ji kamar in juya. Gidanmu na Mubi yana tsaye amma an kwashe komai, shagona ko zarto ba a bari ba. Maƙwabcin nan nawa ya riga mu dawowa, ya rungume ni yana hawaye yana tambayar Mama, nace ga ta, baronka ne dai ya tafi. Shi ya ara min kuɗin da na sayi guduma da zarto da tef.

Na fara da ƙananan aiki a ƙasa, benci, ƙofa, gyaran gado, duk wanda ya kawo aikin rufi sai in ce hannuna cike yake. Har ranar da dattawan cocin ƙauyenmu suka zo. An ƙone majami'ar, bango ne kawai a tsaye baƙi ƙirin, suna sujada a ciki rana na dukansu, ga damina ta kusa. An samu taimakon kwano da katako, su kuma sun tara abin da suka tara daga baiko, amma kuɗin kafinta daga birni babu. Suka ce ɗanmu kai muke da shi. Kawuna na cikinsu, yana kallon ƙasa don shi ya san halin da nake ciki. Bakina yace to kafin zuciyata ta yarda.

Daren nan ban runtsa ba. Rufin coci ba kamar na gida ba ne, shi ne gini mafi tsawo a ƙauyen, in kana sama duk wanda ke kan dutse yana ganinka, kuma lokacin ba a daina kai hari ƙauyukan wajen Madagali ba. Matata ta tashi ta same ni zaune, bata ce komai ba ta durƙusa ta kama hannayena biyu tayi addu'a da yarenmu.

Mun haɗa rafta a ƙasa, wannan bai dame ni ba. Da aka jingina tsani ne abin ya zo. Na sa ƙafa a mataki na farko naji gwiwar nan ta fara, na tsaya naja numfashi yadda aka koya mana nace Ya Yesu ka ƙarfafa hannuna, na ƙara mataki, na sake faɗa, haka har sama, yaran aikina suna ƙasa sun yi kamar basu gani ba. Da na zauna a kan bango na duba sai ga duwatsunmu ga gonaki ga wurin da gidan babana yake ba rufi, hawaye ya zo, na share da hula na ce a miƙo katako. 'Yan Zumuntar Mata sun zo da ruwa a ka don masu kwaɓa siminti, da suka sauke sai suka zauna a gindin bango da tulun kiɗansu da kacau-kacau suka kama waƙa, mamana na cikinsu a kan tabarma tana tafi.

Ranar buga kwano ita ce jarrabawar. Duk kafinta ya san ƙarar kwano in ana jan shi sama, da ƙarar guduma a kan ƙusa mai hula. Ƙusar farko na riƙe ta yatsuna na rawa na kai duka na kuskure na lotsa kwanon, na biyu ta lanƙwashe, ta uku ta shiga. Na ci gaba. Can da rana wani mashin ya taho ta hanyar kasuwa salansa ta buga tau, sai ga ni kwance a kan kwano mai zafi, kunci na manne. Matan suka yi shiru. Ina kwance ina jin zuciyata kamar ana daka a turmi, nace Ubangiji ka gani fa, tsoron bai tafi ba. Ba wata murya da naji daga sama, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani shi ne gudumar na hannuna ban sake ta ba, kuma da na ɗaga kai naga layin ƙusa saura rabi, sai na tashi zaune na ƙarasa shi. Wata tsohuwa a ƙasa ta rangaɗa guɗa, waƙa ta dawo. Mun rufe cocin kafin ruwan farko mai ƙarfi, ranar Lahadin da ta biyo na zauna a tsakiya, aka ce mu yi addu'a na rufe ido.

Bayan wannan na rufe wasu majami'u da gidaje da ajin makaranta a ƙauyukan kewaye, har da wani masallaci da maƙwabcina ya haɗa ni da aikinsa. Kuma kar wani ya ɗauka an gama. A Nuwamba 2017 da bam ya tashi a masallaci a Mubi lokacin sallar asuba mutane da yawa suka mutu, takalmin nan ya koma ƙafata da dare na wani lokaci, haka kuma a watan Mayu 2018. Bambancin shi ne yanzu na san abin da zan yi, ina gaya wa matata, ina kiran 'yan'uwa biyu da muka yi bita tare, ina buɗe Nehemiya ko Zabura 56 inda Dauda yace lokacin da yake jin tsoro zai dogara ga Allah, in gari ya waye in ɗauki jakar aiki in fita. A 2017 ɗin da ƙafata naje gaisuwar mutuwa unguwar da abin ya faru, jikina na rawa amma naje. Lokacin Kirsimati kuwa yaran unguwa sun riga sun san ba a fasa nokawut a ƙofar gidana, suna min dariya nima ina taya su.

Mamana ta koma ga Ubangiji a ɗakinta a ƙauye yadda ta roƙa, Baba mai bishara ma ya huta. Yanzu in naji labarin wani magidanci da ya daina fita ko ya daina zuwa sujada tun bayan gudu, nakan je in zauna a bencinsa, in fara gaya masa zancen yaron da ya ɓamɓare min yatsu, yawanci kafin in gama shi ma ya fara nasa.

Ina roƙonku ku sa mu a addu'a, musamman 'yan'uwanmu na wajen Gwoza da har yanzu suke sansanin Minawao a Kamaru basu ga gida ba, da iyayen 'yan matan Chibok da ba a dawo da nasu ba, da manoman Madagali da ke zuwa gona da ido ɗaya a daji. Ni ma ku tuna da ni, akwai wani rufin makaranta da zan fara in an sauke katako, kuma gwiwa ta fara tsufa. Ubangiji ya albarkace ku, amin.